Nukiliya, Iska Ko Gas: Wace Wuta Ce Za Ta Iso Gwandu?

 

An nemi in yi magana a kan hanyoyi uku na samar da wutar lantarki: makamashin nukiliya, da iska, da abin da ake haƙowa a ƙona, wato kwal da iskar gas da fetur da dizal. Tambayar da aka ba ni ita ce wanne ya fi. A Faransa da Jamus ana wannan muhawara shekara da shekaru, amma su wuta suna da ita, abin da suke jayayya a kai shi ne wace za su bari su kama wace. Mu a ƙasar nan mutum fiye da miliyan 80 ba su da wutar ko kaɗan, masu ita kuma sun fi sanin ɗaukewarta da kawowarta. Saboda haka ma'aunina a yau ɗaya ne: wace hanya ce za ta kai wuta ɗakin haihuwa na asibitin karkara, da injin casar shinkafa, da shagon mai walda, cikin shekarun da mu da muke zaune a nan za mu gani, kuma a kan kuɗin da za mu iya biya.

Mu fara da sanin inda wutar da muke samu take fitowa. Babban layin da ke ciyar da wannan yanki ya taso daga Kainji zuwa Birnin Kebbi, daga nan ake rarraba ta, wata ta nufi Sakkwato, wata kuma ta tsallaka iyaka zuwa Yamai. Madatsar Kainji an gama ta a 1968, injunan da aka kafa mata na megawat 760 ne. Mutanen ƙasar Yauri da na Bussa, dubbai da yawa, su suka biya farashinta da gonakinsu da garuruwansu da maƙabartun iyayensu, waɗanda ruwa ya rufe. Ina ambaton haka da wuri don mu riƙe cewa babu wutar da take zuwa kyauta. Ko ta ruwa, wadda ba ta hayaƙi, wani ya yi hasara kafin a kunna ta.

A watan Satumba na 2023 gobara ta kama tashar rarraba wuta ta Birnin Kebbi, ta cinye manyan taransfomomi, jihohin Kebbi da Sakkwato da Zamfara suka shiga duhu. Ranar kuwa ruwa na nan a Kainji, injuna na juyawa. A Oktoban 2024 mafi yawan jihohin Arewa suka yi fiye da mako guda babu wuta, domin an lalata layin Shiroro zuwa Kaduna, sannan layin da ke biyowa ta Makurdi shi ma ya samu matsala. Tashoshin da ƙasar nan ta kafa, a takarda sun kai wajen megawat 13,000, amma abin da ke isa ga jama'a yakan tsaya tsakanin 4,000 da 5,000. Ku ajiye wannan lissafi a zuci, zai yi mana aiki idan muka iso kan nukiliya.

Dukkan hanyoyin nan uku aiki ɗaya suke yi: juya wani babban injin mai maganaɗisu da naɗin waya, wanda juyawarsa ke haifar da wuta. A Kainji ruwa ke juya shi. A tashar iska, iska. A tashar kwal ana tafasa ruwa, tururi ya juya shi, a ta gas kuma zafin iskar da aka ƙona. Tashar nukiliya ma tururi ne ke juya injinta, sai dai zafin da ya tafasa ruwan ya fito ne daga tsagewar ƙwayar zarra ta ma'adinin yuraniyom, babu abin da aka ƙona. Bambancin duka yana cikin abin da ake ciyar da injin, da nawa ake kashewa, da abin da yake bari a baya.

Abin ƙonawa shi muka fi sani. Kusan kashi 3 cikin 4 na wutar babban layin ƙasa daga iskar gas take, daga tashoshi irin su Egbin ta Legas mai megawat 1,320. Falalarsa a fili take. Tashar gas ana gina ta cikin shekara 2 ko 3, ana kunna ta lokacin da ake so a rage ta lokacin da ake so, kuma Allah ya hore wa Najeriya gas fiye da kowace ƙasa a Afirka. Sai dai gas ɗin yana can Kudu, tashoshin ma suna can, mu kuwa muna ƙarshen waya. Bututun da aka fara shimfiɗawa a 2020 daga Ajaokuta ta Abuja da Kaduna zuwa Kano, mai tsawon kilomita 614, a Kano aka tsara zai tsaya. Daga Kano zuwa Gwandu tafiya ce ta yini.

Abin da ke faruwa idan aka kafa tashar ƙona mai inda babu bututu, maƙwabtanmu sun gwada. Gwamnatin Sakkwato ta gina tasha mai megawat 38 a Kalambaina, aka zuba mata kuɗi masu yawa, amma ciyar da ita da man da ake kawowa cikin tankoki ya fi ƙarfin aljihu, ta daɗe a tsaye. Wannan ƙaddarar kowane mai janareta ce, an dai girmama ta. Tun da aka cire tallafin fetur a ranar 29 ga Mayu 2023, manomin rani a fadamun Jega da Argungu da Suru ya san nawa injin ban ruwa yake sha kafin shinkafa ta nuna. Wutar janareta ita ce wuta mafi tsada da ɗan Najeriya yake saya, kuma talaka ne ya fi sayenta. Ita ce kuma mafi kisa a cikin gida. Kowace shekara muna jin labarin iyalin da suka kwanta da janareta a zaure ko bakin taga, gari ya waye babu wanda ya tashi.

Sai hayaƙin da ke tashi sama. Kwamitin masana yanayi na Majalisar Ɗinkin Duniya ya ƙiyasta cewa kowace yunit ɗaya ta wuta, irin wadda mita take ƙirgawa, idan daga kwal aka samo ta tana sakin wajen giram 820 na iskar da ke ɗumama duniya. Idan daga gas ne, wajen giram 490. Daga iska ko nukiliya kuwa, giram 12 ko ƙasa da haka, har da lissafin siminti da ƙarfen ginin. Afirka gaba ɗayanta ba ta sakin kashi 4 cikin 100 na wannan hayaƙi, don haka ban yarda mai ƙoshi ya hana mu amfani da gas ɗinmu ba. Amma ban yarda kuma mu ce abin bai shafe mu ba. Wanda ya ga ambaliyar 2020 ta shafe gonakin shinkafa a jihar nan, ko ya lura da yadda damina take rikicewa, ya san mu ne a sahun gaba wajen shan wahalar ɗumamar.

Yanzu nukiliya. Tsoron da mutanenmu suke yi mata yana da asali. A ranar 13 ga Fabrairu 1960 Faransa ta tayar da bam ɗinta na farko a Reggane, cikin saharar Aljeriya, a tsakiyar hunturu, lokacin da iska ke kwaso ƙura daga arewa tana zubo mana. Da ta ƙi bari, gwamnatin Abubakar Tafawa Ɓalewa ta sallami jakadan Faransa a Janairun 1961. Daga baya aka ji haɗarin tashar Chernobyl a 1986, aka ji na Fukushima a 2011. Wanda ya tashi da waɗannan labarai ba za a zarge shi ba idan gabansa ya faɗi.

Amma bam daban, tashar wuta daban. Yuraniyom da ake haƙowa, ɓangaren da ke tsagewa a cikinsa bai kai kashi 1 cikin 100 ba. Don tashar wuta ana tace shi ya kai kashi 3 zuwa 5. Don bam sai ya kai wajen kashi 90. Man tashar wuta ba zai fashe irin fashewar bam ba, ko an so. Haɗarinsa shi ne zafi ya fi ƙarfin ruwan sanyaya, ƙarfe ya narke, guba ta fita, kuma abin da ya faru a Fukushima ke nan bayan igiyar teku ta kashe injunan da ke tura ruwa.

Malamanmu na fiƙihu sun koya mana cewa idan cuta biyu suka haɗu, babu makawa sai an ɗauki ɗaya, to a ɗauki mafi sauƙi. Wannan ƙa'ida tana bukatar a auna, a daina dogara da abin da ya fi firgitarwa a kunne. Masu bincike sun auna: sun tara mutanen da suka mutu ta haɗari da ta gurɓatar iska, suka raba da yawan wutar da aka samar. Idan aka samar da yunit biliyan 1 daga kwal, ana rasa rai wajen 25. Daga mai, wajen 18. Daga gas, wajen 3. Daga iska ko nukiliya, sai an samar da irin wannan adadi sau 25 ko 30 kafin a rasa rai guda, kuma an sa Chernobyl da Fukushima cikin lissafin. Kwal yana kashewa kullum, a hankali, ta huhu, ba ya shiga labaran duniya. Nukiliya tana yin shekaru ba ta taɓa kowa ba, ranar da ta yi ɓarna kuma duniya duka ta ji.

Ga ƙarfinta kuma. Tasha mai megawat 1,000 tana cin wajen tan 25 na tataccen yuraniyom a shekara, abin da mota ɗaya za ta ɗauka. Takwararta ta kwal tana cin wajen tan miliyan 3. Tukunyar nukiliya tana aiki dare da rana, damina da rani, fiye da shekara guda kafin a tsayar da ita a sauya mai, kuma tana kai shekara 60. Da ita Faransa take samun kusan kashi 2 cikin 3 na wutarta. Don haka idan ɗalibi ya tambaye ni a aji wace hanya ce ta fi tsabta da ƙarfi da dogaro a haɗe, zan ce masa nukiliya, ba tare da na yi kwana-kwana ba.

Sai dai akwai ɓangaren labarin da Bafaranshe ba ya gani daga tagarsa, mu kuwa 'yan'uwanmu ne suke zaune a cikinsa. Tun 1971 ake haƙar yuraniyom a Arlit, arewa da Agadas a Jamhuriyar Nijar, daga 1978 kuma a Akokan. Hausawa da Abzinawa da Zabarmawa ne suka shiga ramukan. Da aka rufe mahaƙar Akokan a Maris 2021, an bar tarin dusar ma'adini wajen tan miliyan 20 a bayan gari, mai ɗauke da guba, kuma ƙungiyoyin mutanen garin sun daɗe suna kuka a kan ruwan sha da ƙurar da suke shaƙa. Wutar da ke juya injunan mahaƙar daga kwal ake samunta, a tashar Anou Araren kusa da Cirozerin. Ƙasar da ta yi shekara 50 tana haska biranen Turai, har yau mutum 1 cikin 5 ne kawai yake da wuta a cikinta, kuma kafin juyin mulkin Yulin 2023 wajen kashi 70 cikin 100 na wutarta daga Najeriya take samu, mafi yawa ta layin Birnin Kebbi. Da aka katse layin a watan Agusta na shekarar, asibitocin Yamai da Doso ne suka ji a jika, har zuwa Maris 2024. Darasin a nan shi ne mallakar ma'adini ba ta ba ka wuta. Abin da ke ba da wuta shi ne ilimin sarrafawa, da jari, da waya, da hukumar da ke tsare amana.

Najeriya ta daɗe da niyya. An kafa hukumar makamashin nukiliya ta ƙasa da doka tun 1976, amma ba ta fara aiki sosai ba sai 2006. An sa hannu da kamfanin Rosatom na Rasha, aka ambaci wurare biyu, Geregu a Jihar Kogi da Itu a Akwa Ibom, aka yi maganar tukwane 4 masu megawat 1,200 kowace. Har yau ba a aza tubali ba. A Afirka duka tasha ɗaya ce take aiki, Koeberg ta Afirka ta Kudu, tun 1984. Masar ta fara gina tata a El Dabaa a 2022.

Me ya sa nake cewa kada mutumin Gwandu ya zauna jiran wannan wuta? Na farko, girman tukunyar ya fi ƙarfin layinmu. Ƙa'idar da injiniyoyi suke bi ita ce kada inji ɗaya ya wuce kashi 10 cikin 100 na dukkan wutar da ke kan layi. Ku da kuka san gulbi, ku ɗauki kwale-kwale mai ɗauke da kaya, a ce buhu ɗaya shi kaɗai ya kai rubu'in nauyin duka, yana gefe guda. Idan buhun nan ya zame ya faɗa ruwa farat ɗaya, jirgin zai kife da sauran kayan. Tukunya mai megawat 1,200 a kan layin da ke ɗauke da 5,000 ita ce wannan buhu. Kuma abin ta fuska biyu yake cizo: idan babban layi ya faɗi, kamar yadda ya faɗi sau da yawa a 2024, dole tukunyar ta kashe kanta, alhali ko a kashe tana bukatar wuta don tura ruwan sanyaya. Ƙasar da layinta ke faɗuwa tana jarraba na'urorin kariyar tasharta fiye da yadda aka tsara.

Sannan kuɗi da lokaci. Tashar El Dabaa za ta ci wajen dala biliyan 30, Rasha ce ta ba da rancen biliyan 25 daga ciki. Wannan adadi bai yi nisa da kasafin kuɗin gwamnatin tarayya na shekara guda cur ba. Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, mai kuɗi a hannu da ƙwararrun Koriya ta Kudu, ta fara ginin tashar Barakah a 2012, tukunya ta huɗu ba ta fara sayar da wuta ba sai 2024. A Amurka tukwane 2 na Vogtle sun ci fiye da dala biliyan 30, suka makara da shekara 7. Tsadar nukiliya a wurin gini take da kuɗin ruwan bashi, duk shekarar da aka ƙara kuwa bashin yana haihuwa. Geregu da ake magana maƙwabciyar Ajaokuta ce, inda Rashawa suka fara gina mana kamfanin ƙarfe tun 1979, har yau bai narka ƙarfe yadda aka tsara ba. Madatsar Mambila mai megawat 3,050 tana takarda tun iyayen wasunku suna makaranta. Ina faɗin haka da ciwon zuciya, domin ƙasata ce.

Abu na uku ya fi nauyi, shi ne riƙon amana na tsawon zamani. Tokar nukiliya kaɗan ce, amma tana da guba dubban shekaru. Finlan ta haƙa mata rami mai zurfin fiye da mita 400 cikin dutse. Mu kuwa a 1988 an sauke gangunan guba daga Italiya a garin Koko da ke Jihar Delta ta yau, ba wanda ya tare su a tashar jirgin ruwa. A 2010 gubar dalma daga haƙar zinariya ta kashe yara fiye da 400 a ƙasashen Anka da Bukkuyum, nan kusa da mu. Kafin a ba hukuma tsaron gubar shekara 1,000, a ga ta iya tsare yaran ƙauye daga gubar da ake niƙawa a tsakar gida.

Ba ina cewa ba za mu iya ba. Hujjata tana Zariya. A cibiyar binciken makamashi ta Jami'ar Ahmadu Bello akwai ƙaramar tukunyar nukiliya mai kilowat 30, ƙirar ƙasar Sin, tana aiki tun 2004. Ba ta ba da wutar gari, ana amfani da ita wajen gwajin ƙasa da ma'adinai da abinci da horar da ɗalibai. A 2018 aka sauya mata mai zuwa wanda ba a tace sosai ba, aka mayar da tsohon ƙasar Sin lafiya. 'Ya'yan ƙasar nan ne suke tafiyar da ita fiye da shekara 20. Wannan ya nuna akwai kai da hannu. Abin da ya rage shi ne layi mai ƙarfi da baitulmali mai tsari, waɗannan kuwa aikin shekaru ne. Ana ta maganar ƙananan tukwane masu megawat 300 ko ƙasa, waɗanda za su fi dacewa da layi irin namu. Ra'ayina mu bari waɗanda suka ƙera su su fara gwadawa a gidajensu, mu ga farashin gaskiya. Ko sun zo, bakin teku ko babban kogi za a kai su saboda ruwan sanyaya, mu dai ta waya za ta iso mana.

Iska fa? Ita ce Arewa ta fi Kudu da ita, musamman layin Sakkwato da Katsina da tsaunukan Jos. Cibiyar binciken makamashi ta Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta taɓa kafa ƙaramin injin iska mai kilowat 5 a ƙauyen Sayya Gidan Gada. Babban gwajin kuwa shi ne na Lambar Rimi a Jihar Katsina: injuna 37, kowanne kilowat 275, jimla megawat 10, ƙirar kamfanin Vergnet na Faransa. Tunanin ya faro tun Malam Umaru Musa 'Yar'aduwa yana gwamna, daga baya gwamnatin tarayya ta karɓa. A Disamban 2012 'yan bindiga suka sace injiniyan kamfanin, Francis Collomp, a garin Rimi, bai kuɓuta ba sai bayan wata 11. Aiki ya tsaya, kaya suka lalace, aka yi ta sa ranar buɗewa ana ɗagawa fiye da shekara 10. Iskar Rimi ba ta daina kaɗawa ba ko yini ɗaya a cikin shekarun nan. Tsaro da kulawa da cika alkawari ne suka gaza. A daidai wannan lokaci Kenya ta kafa injuna 365 a bakin tafkin Turkana, megawat 310, Senegal kuma ta kafa 46 a Taiba Ndiaye, megawat 158, duka suna ba da wuta.

Akwai ƙa'ida ɗaya ta iska da nake so ɗalibai su fita da ita. Ƙarfin da ake samu ba ya tafiya daidai da gudun iskar, yana ninkuwa sau uku a jere. Idan gudun ya ninka biyu, wutar ta ninka 8. Wurin da iska ke gudun mita 6 a sakan ya fi mai mita 5 da wajen kashi 70 cikin 100. Shi ya sa tudu ɗaya zai yi riba, na kusa da shi ya yi hasara, kuma shi ya sa ba a sayen injin iska da ganin ido ko labarin cewa garinmu akwai iska. Injin ba ya motsi sai iska ta kai mita 3 ko 4 a sakan, idan kuma ta kai wajen 25 yakan tsayar da kansa don kada ya karye. Guguwar gaban hadari da ke kwashe mana kwanon ɗaki ba ta da amfani a wurinsa. Abin da yake so iska matsakaiciya mai ɗorewa, irin ta hunturu, ita kuma tana zuwa da ƙurar da ke cin fukafukai da toshe matatai.

Rauninta shi ne ba a yi mata umarni. Tasha mai suna megawat 10, idan aka baje a shekara, takan ba da 3 ko ƙasa da haka. Kafin a maye gurbin tukunyar nukiliya ɗaya mai 1,200 sai an kafa wajen megawat 4,000 na iska, kuma ranar da ta kwanta sai an sami mai riƙe gari. A nan muna da sa'a da ba kowa ke da ita ba. Madatsun Kainji da Jebba da Shiroro da Zungeru suna iya rage sakin ruwa lokacin da iska ke kaɗawa, su buɗe idan ta lafa. Hunturu da bazara, lokacin da ruwan madatsu ke ja baya, su ne lokutan da sararinmu ya fi iska da rana. Falalar iska kuma ita ce ana kafa ta kaɗan-kaɗan: inji 5 bana, 10 baɗi, kowanne ya fara biyan kuɗinsa tun ba a kafa na gaba ba, in ɗaya ya lalace sauran suna aiki. Ga ƙasa mai ƙarancin jari da raunin waya, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Ba a sa rana cikin taken laccar nan ba, amma zan zama mai ha'inci idan na tsallake ta. Farashin farantan sola ya faɗi da wajen kashi 90 cikin 100 a shekaru 10 da suka biyo bayan 2010, kuma manoman fadama ba su jira lacca ba, tuni wasu suka sauya injin fetur da famfon sola. An kafa wa Jami'ar Bayero tashar sola a 2019, Yamai ta kafa megawat 30 a Gorou Banda a 2023. Ban ruwa da casa da niƙa da sanyaya allurar rigakafi duk aikin rana ne, lokacin da farantin yake kan ganiyarsa. Dare ne matsalar, batir kuwa har yanzu da tsada, shi ya sa babban layi da gas da ruwa ba za su fita daga lissafi ba.

To, ga amsata ga tambayar da aka ba ni. Ga Najeriya ta shekara 20 ko 30 masu zuwa, mai layin da zai ɗauki megawat 30,000, nukiliya tana da gurbi, kuma ina roƙon iyaye kada su hana 'ya'yansu karanta kimiyyarta don tsoro. Ga Gwandu da Kalgo na yau, gas da ruwa su riƙe dare, rana ta ɗauki yini, iska ta shigo inda awo ya tabbatar da ita, janareta kuma ya koma abin ko-ta-kwana.

Tun da aka gyara tsarin mulki aka kuma sa hannu a dokar wutar lantarki ta 2023, jiha tana da ikon samar da wutarta, ta rarraba, ta kafa hukumar da za ta sa ido. Wannan ya mayar da wani kaso na nauyin kan majalisar dokokinmu da ke Birnin Kebbi, ya kuma ba mu wanda za mu tambaya ido da ido. Ina ba da shawara masu wakiltarmu su fara da abin da bai fi ƙarfinsu ba: wutar sola da batir a kowane asibiti da ke karɓar haihuwa, da kuɗin gyara a rubuce cikin kasafi tun ranar sayen kaya, da horar da matasan garin da za su riƙa gyaran. Ga jami'ar tarayya da ke Kalgo, da ta Aliero, da kwalejin Waziri Umaru, aikin da nake roƙo shi ne a kafa dogayen turakun awon iska, masu tsawon mita 80 ko fiye, a kan tuddan da ke tsakanin Gwandu da Aliero da Kalgo, a auna shekara 2 ba fashi, a buga sakamakon kowa ya gani. Kuɗinsa bai kai na motar babban jami'i ɗaya ko biyu ba, kuma babu mai zuba jari da zai kawo injin iska ƙasar Kabi sai ya ga waɗannan alƙaluma.

A nan zan dakata in saurari tambayoyinku.